Tsohuwar Fijo 504 wagon ko Sienna 'yar Kwatano?

Wani ɗan'uwa daga Gombe ya tambaya ko ya ci gaba da riƙe Fijo 504 wagon ɗinsa, wadda yake ɗaukar iyali da buhunan hatsi zuwa Dukku da Kumo, ko kuwa ya sayar da ita ya cika kuɗi ya sayi Toyota Sienna. Malam, a ganina ƙasan motar ne zai yanke wannan hukunci.

Ita 504 an fara haɗa ta a masana'antar Peugeot ta Kaduna tun 1975, shi ya sa da wuya a sami garejin da babu bakaniken da ya san cikinta. Injinta mai silinda huɗu ne, da kafireta take aiki, giyarta ta hannu ce, ƙafafun baya ne ke tura ta, kuma tana da tsayi daga ƙasa, abin da ke taimakon mai shiga hanyar ƙauye da damina. Matsalarta biyu ce. An daina ƙera ta tun tsakiyar shekarun 2000, don haka kayan gyaranta na asali sun yi ƙaranci, jabu sun cika kasuwa. Sannan tsatsa. Injin da ke shan baƙin mai ana iya yi masa ringi ya dawo daidai, amma idan tsatsa ta cinye ƙasa da mazaunin shokozoba, duk waldar da za a yi faci ne kawai, kuma bai kamata a ɗora iyali a kanta a hanyar Bauchi ba.

Sienna ta fi ta daɗin zama nesa ba kusa ba, tana da na'urar sanyaya ciki, ga kuma jakunkunan iska na kariya idan an yi hatsari, waɗanda 504 ba ta da su, kuma wannan ba ƙaramar hujja ba ce. Sai dai galibi injinta mai silinda shida ne, kada a sa ran sauƙin mai, musamman tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023. Giyarta mai sarrafa kanta ce, idan ta lalace gyaranta na iya lashe kuɗin da aka sayar da Fijon gaba ɗaya, kuma laluben matsalar injinta sai da kwamfuta. Faɗuwar darajar naira ta kuma ɗaga farashinta da kuɗin kwastan, alhali dillalai ba za su taya tsohuwar da abin kirki ba.

Saboda haka ka kai Fijon wurin fanal bita a ɗaga ta a duba. Idan ƙasan lafiyayye ne, gyara injin da birki ka ci gaba da tara kuɗi. Idan ya ruɓe, sayar da ita, amma ka tabbatar da takardun kwastan na Siennar kafin ka biya, ka kuma tafi da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba.