Zagayen tsohon garin Lamu tare da ɗan jagora

Duk wanda ya sauka a filin jirgin saman tsibirin Manda, ya tsallaka ruwa cikin kwalekwale zuwa Lamu da ke gaɓar tekun Kenya, zai tarar da 'yan jagora suna jiransa tun a bakin gaɓa. Na ɗauki ɗaya daga cikinsu na safiya guda bayan mun yi ciniki, kuma kuɗina bai tafi a banza ba.

Garin, wanda UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga, har idan jaki ya taho da kaya sai mutum ya manne da bango ya ba shi hanya. Da ni kaɗai ne, da ban ga komai ba sai bangayen dutsen murjani. Shi kuwa ya tsayar da ni gaban wata ƙofar katako mai sassaƙa, ya nuna mini rubutun Larabci da ke samanta, sannan ya zaunar da ni a daka, wato shirayin ƙofar gida mai dakali inda maigida ke karɓar baƙi maza, kamar dai zaurenmu. A gidan tarihi na Swahili House ya bayyana mini zidaka, ramukan da aka ƙawata bangon ɗaki da su domin jera tangaran da littattafai, ya ce yawansu da kyawunsu kan nuna arzikin masu gida. Ganuwar Lamu, wato tsohon ginin tsaron garin, wadda aka kammala wajen 1821 kuma ta zama gidan yari daga 1910 zuwa 1984, mun ratsa ta ne kawai.

Ƙorafina guda ne. Na so mu daɗe a masallacin Riyadha, wanda Habib Swaleh, malamin da ya zo daga tsibiran Komoros, ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19, inda Maulidin kowace shekara ke tara jama'a daga sassan Gabashin Afirka. Minti kaɗan muka yi a can, sai ya ja ni shagon wani masassaƙi da yake kira ɗan'uwansa, muka ɓata kusan awa ana yi mini tallar akwati.

Mai niyyar zuwa ya faɗa wa ɗan jagora wuraren da yake so tun lokacin ciniki, kuma ya fita da sassafe, domin da hantsi ya ɗaga zafin teku kan sa ƙafa ta yi nauyi.