Ɗan akwatin fentin ruwa na Cotman, ra'ayina a kan zanen dawaki da namun daji da shi

Salam jama'a. Masu yawan tambayata ta WhatsApp wai wane fenti nike aiki da shi wurin zanen dawakin nan da nike sakawa, to ga amsa gaba ɗaya kowa ya gani. Akwarel ne, fentin ruwa na takarda ba na bango ba, ɗan akwati mai kala 12 na kamfanin Winsor & Newton, samfurin da suke ce ma Cotman. Yana shiga aljihun riga ba matsala, kuma murfinshi in ka buɗe nan ne wurin dama kala. Kamfanin tsoho ne, tun 1832 aka kafa shi a Landan, shi Cotman ɗin na masu koyo ne da masu ƙaramin ƙarfi, akwai babbanshi na ƙwararru wanda ya fi shi ƙarfin kala ya kuma fi shi tsada nesa ba kusa ba. Ni dai da wanga nike neman abincina nan Maradi, kuma in doki za ka zana ko dabbar dajinmu wallahi ya ishe ka, in dai ka haɗa shi da takardar kirki.

Cikin 12 ɗin nan guda huɗu ne ke ɗauke da aikina kusan duka. Akwai ɗorawa mai duhu-duhu irin kalar yashi, akwai ruwan ƙasa mai ja wanda aka rubuta ma Burnt Sienna, akwai ruwan ƙasa mai duhu, sai shuɗin da aka rubuta ma Ultramarine. Duk dokin da ka sani a garin ga yana cikin huɗun nan. Ba baƙi cikin akwatin sam, wasu na ganin kamar ragi ne amma ni abin da ya fi burge ni kenan. Je ka tsaya kusa da akawal, wato baƙin doki, da hantsi bayan an wanke shi an goge, ka dubi kuturinshi da kyau, za ka ga ba baƙi ba ne wuluk, inda rana ta doka shuɗi ne yake walƙiya, wajen ciki da hammata kuma ja-ja ne ke leƙowa. In ka shafa baƙin fenti kai tsaye dokin mutuwa yake kan takarda, ba tsoka ba numfashi. Amma ka dama shuɗin nan da ruwan ƙasa mai duhu, ka ƙara shuɗi a saman baya, ka ƙara ƙasa-ƙasa a ƙasan ciki, ka bar su su haɗu da kansu tun takardar na da danshi, sai ka ga ingarma ya taso, har mai shi ya ce wanga nawa ne tun kafin ka sa mishi linzami.

Kili kuma wani karatun ne daban. Akwai farin fenti cikin akwatin amma ba da shi ake farin doki ba, a akwarel farin takarda shi ne farinka, shi ya sa ake farawa daga mai haske a tafi mai duhu kuma wurin da ka rufe ya rufu kenan. To kili kusan ba ka zana shi, inuwarshi kake zanawa, ƙarƙashin wuya, tsakanin ƙafafu, bayan kunne, da ɗan shuɗi da aka tsinka da ruwa sosai aka ɗiga mishi ja kaɗan, sannan ka duhunta abin da ke bayanshi, bango ne ko taron jama'a, sai dokin ya fito da kanshi. Shuɗin nan yana da wata ɗabi'a da nike so ƙwarai, garinshi na kwanciya cikin ramukan takarda ya bar tsaki-tsaki in ya bushe, to ga mai zanen hurde ko bidi wannan kyauta ce, rabin dabbare-dabbaren jikin ya yi maka. Gunya kuwa ɗorawar yashin nan ce da ruwa mai yawa, ba wahala.

Abin da ke sa ya yi haka shi ne kalar tana da garai-garai, haske na ratsa ta ya doki farin takarda ya dawo. Kwalayen yara da ake saidawa shagunan kayan lakwal, masu kala zagaye-zagaye, an cika su da alli, in sun bushe sai su yi fari-fari su dushe, ka shafa yatsa su biyo ka, in ka ɗora shafi na biyu na farkon ya taso ya zama laka. Ba laifi yaro ya fara da su amma kar ka amshi kuɗin mutum ka yi mishi aiki da su don Allah. Kuma abin da ke riƙe garin kalar a fentin ruwa na kirki ba komi ba ne illa ƙaro, ƙaron dakwara ɗin nan da ake tsinta a dajin ƙasashenmu daga Senigal har Sudan, shi ake kwasa a kai Turai a dama da kala a sake kawo muna. Duk sanda na jiƙa burushi sai abin ya taɓa ni, don da akwai mai sa jari da an yi shi nan gida.

Wurin hawan Sallah ne akwatin ke nuna amfanin ƙanƙantarshi. Doki ba ya tsaya maka, balle ranar da kowa ke sukuwa, to ni kireyon nike fara ja da sauri, layin baya, lanƙwasar wuya, inda kofato ya taka, sannan in ɗiga kala biyu uku gefen takarda don in tuna asalin jan jalala da koren rigar dogarai, sauran in ƙarasa gida da hoton waya. Waya tana ƙarya wurin kala, musamman ja da rana tsaka, shi ya sa ɗigon nan ke da muhimmanci. Ja biyu ne a ciki, ɗaya ya karkata wajen ruwan lemu ɗaya wajen jini, in ka haɗa su kana samun jan kayan doki daidai. Waɗanda aka rubuta ma Hue a gaban sunansu, ma'anarshi ba asalin sinadarin mai tsada ba ne irin su kadmiyom, an samo wani ya tsaya madadinshi, nan ne suka rage kuɗi, kuma ga aikinmu bai hana komi ba. Ɗan burushin da ke zuwa ciki ƙarami ne, na ido ne da geza da zanen sirdi da likkafa, jikin doki kam sai ka nemi babba mai zagayen baki, lamba 10 ko 12, wanda ke shan ruwa da yawa.

Yanzu maganar takarda, nan ne mutane da yawa ke faɗuwa su ɗora ma fenti laifi. Ka sayi akwatin ga ka je kana shafawa kan kaye ko takardar fotokofi, to kuɗinka ka zubar, za ta kumbura ta yi tudu da kwari, kalar ta taru cikin kwarin, in ka goga ta ɓarke. Nemi mai nauyin giram 300, a rubuce yake a bangon. Canson Montval ta fi sauƙin kuɗi kuma tana yi, Arches ta Faransa ita auduga ce zalla, tana riƙe danshi ta daɗe, ita nike ajiyewa don aikin da aka biya da kyau. Ka manne gefunanta huɗu kan katako da sikoc ɗin takarda kafin ka fara. Samunsu a Maradi sai an dace, galibi sai dai saƙo ta hannun masu zuwa Yamai ko Kano, don haka in ka samu ka sayi da yawa ka yanka ƙanana don gwaji.

Sai yanayinmu, wanda duk masu koyarwa a YouTube ba ruwansu da shi tunda can ƙasashensu akwai laima. Nan lokacin hunturu iska a bushe take ƙarau, ka shafa ruwa wuyan doki kafin ka damo kala ya sha, sai ya bar maka layi mai kaifi tsakiyar tsoka inda kake son laushi, watan Afrilu kuma zafi na haura digiri 40 abin ya ƙara muni. Dabarar da ke yi mini ita ce aiki bayan asuba ko da dare, a kashe fanka, in jiƙa bayan takardar ma ba gabanta kaɗai ba, in dama kala mai yawa tun kafin in taɓa takarda, kuma in bi jikin gaɓa-gaɓa, wuya ya ƙare kafin in shiga ƙirji. Tagogi a rufe, don ƙura in ta sauka kan ɗanyen shafi ta zauna kenan. Da damina kuma akasin haka, kar ka rufe akwatin da jiƙa, bar shi ya sha iska tukun.

Namun daji ma dai huɗun nan ne. Raƙumin dawa namu na Afirka ta Yamma ya fi na gabashin Afirka haske, tabbanshi ja-ja ne mai laushi kuma suna dushewa in an gangaro ƙafafu, to wanda ya kwafi hoton na Kenya daga intanet ya ce na Kure ne, yankin da namu suke zaune kusa da Yamai, mai ido zai gane. A shekarun 1990 saura kamar 50 suka rage a duniya duka, nan Nijar, aka tsare su suka hayayyafa suka kai ɗaruruwa, har a 2018 aka kwaso 8 daga yankin Kure aka kawo gandun Gadabeji da ke jihar Maradi wajen Dakoro. Ni ina ganin haƙƙinmu ne mu masu zane na jihar ga mu zana su yadda suke. Ɗorawar yashi a ƙasa, a bari ta bushe sarai, sannan tabban da ruwan ƙasa mai ja, kowane a sa mishi duhu a tsakiya gefe ya yi haske. Barewa ma haka, jar akuyar Maradi kuwa kamar don ita aka yi Burnt Sienna. Koraye biyun da ke ciki sun yi ɗanye da yawa ga dajinmu in ba cikin Agusta ba, sai ka kashe su da ɗorawa ko ɗan ja kafin su yi kama da ganyen aduwa ko gawo. Balbela da zalɓe na bakin tafkin Madarunfa kuma nan ɗaya shuɗin da ke cikin akwatin yake amfani, mai ƙarfi ne ƙwarai, ɗan taɓi kaɗan ya isa ruwan tafki duka, kuma in ya kama takarda ba ya fita, a yi hankali da shi.

Masu tambayar hukuncin zanen abu mai rai, wanga fagen malamai ne, kowa ya tambayi nashi, ni maganar kayan aiki nike.

Ga mai saida aiki, ka gaya ma mai doki gaskiya tun farko, akwarel ba ya son ruwa ba ya son rana, dole a sa shi cikin kadar, wato firam, mai gilashi, a bar ɗan tazara kar takardar ta manne da gilashin, a rataye shi bangon da rana ba ta bugu. Ɗorawar yashi da jan ƙasa da shuɗi su za su fara ƙare maka alhali farin da korayen na nan cike, ba sai ka sake sayen akwati ba, kowace kala cikin ɗan kwanonta take kuma tana fita, ana saida su ɗai-ɗai, ko ka sayi na tub ka matsa cikin kwanon ka bar shi ya bushe kwana biyu. In za ka ba da saƙon akwatin, ka haɗa da tub na kalolin nan uku lokaci guda.