Motar Lantarki Ko Ta Fetur: Wacce Ta Fi?

Babban bambancin yana cikin inji. Motar fetur tana ƙona mai, amma yawancin ƙarfin man zafi yake zama, ya fice ta salansa da lagireto. Abin da ke isa ga tayoyi da kyar yake kai kashi 30 cikin 100. A motar lantarki kuwa, fiye da kashi 70 na wutar ne ke juya taya. Ko birki direba ya taka, injin kan mayar da wani ɓangare na ƙarfin cikin batir. Wannan dabara tana burge ni ƙwarai.

Zuwa wurin makanike ma ya ragu: babu juyen baƙin mai, babu canjin fulogi, babu hayaƙi a bayan mota.

Inda ta fetur ta yi zarra shi ne lokaci. Minti biyar ka cika tanki ka kama hanya. Caji a gida kan ci sa'o'i, na gaggawa ma sai ka jira kusan rabin sa'a. Batirin yana da nauyi, sanyi mai tsanani kuma yana rage masa nisan tafiya. Tsabtar motar lantarki ma ta dogara ne da inda wutar ta fito. In da kwal aka samar da ita, hayaƙin ya koma tashar wuta kawai.

Motar da ke aiki da iskar haidurojin kuwa, irin Toyota Mirai da ta fito a 2014, ruwa kaɗai take fitarwa, amma gidajen cikonta ƙalilan ne.

Ni dai, ga mai zirga-zirgar cikin gari da ke da wurin caji a gida, lantarki zan zaɓa.