Littafin Lambobin Waya Ko Neman Lamba A Intanet?

Mutane da dama suna tambaya ko littafin lambobin waya na takarda yana da sauran amfani, ko kuwa neman lamba a intanet ya wadatar.

Littafin ya daɗe yana hidima, domin na farko ya fito ne a garin New Haven na Amurka a shekarar 1878, takarda guda mai sunaye 50. Ba ya buƙatar caji ko kuɗin data, kuma ɗaukewar wuta ba ta hana shi aiki. Sai dai tun ranar da aka buga shi yake fara tsufa, lambobin salula kuwa da wuya a same su a ciki. Bayanan intanet ana sabunta su nan take, amma 'yan damfara kan cusa lambobin bogi.

Ta fuskar muhalli, bugun yana cin itatuwa da ruwa da man motocin rabo, kuma abin da ya fi damuna shi ne kai wa kowane gida ba tare da an nema ba, har wasu su ƙare a juji ba a taɓa buɗe su ba. A Birtaniya, littafin lambobin 'yan kasuwa mai suna Yellow Pages ya daina fitowa a takarda a 2019. Intanet ma tana da nata laifin, tunda cibiyoyin adana bayanai suna shan lantarki.

Littafin ya fi dacewa da dattijon da bai saba da wayar zamani ba, da mazaunin wurin da sabis ke yankewa. Mai neman sabuwar lamba cikin gaggawa kuwa, intanet ce tasa.