Ƙona ƙarin ciwon daji da allura: abin da aikin ke iyawa da inda yake gazawa

Wanda aka yi wa wannan aiki yakan tashi da ɗan filasta a gefen ciki, faɗinsa bai wuce kan ɗan yatsa ba. Babu yanka, babu ɗinki, galibi washegari ya koma gida. Wannan ne ya sa mutane ke ɗokinsa, kuma shi ne ke ruɗar wasu su ɗauka kowane ƙari, wato dunƙulen ciwon daji, ana iya gamawa da shi haka. Gaskiyar magana, aiki ne mai kyau ƙwarai ga ƙaramin ƙari da ya zauna a wuri mai sauƙin kaiwa. Da zarar ƙarin ya girma, ingancinsa sai ya fara ja da baya.

Likitan hoto ne ya fi yin aikin. Yana kallon allon sikanin ko na CT, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki, ya soka doguwar allura ta fata har bakinta ya shiga tsakiyar ƙarin, sannan a kunna na'ura. Bakin allurar ne ke kashe naman da ke kewaye da shi, ko da zafi ko da sanyi. Ba a ciro ƙarin. Yana mutuwa a inda yake, jiki ya riƙa tsotse shi a hankali har ya zama tabo.

Hanyar da aka daɗe ana amfani da ita cikin masu zafi ita ce RFA, wadda ke tura lantarki ta allurar, a manna wa majinyaci faifan mayar da wuta a cinya. Nama yana mutuwa nan take idan zafi ya haura digiri 60. Matsalarta biyu. Idan zafin ya wuce digiri 100, naman da ke jikin allurar sai ya zama gawayi, gawayin kuma ya tare wutar, ƙunar ta tsaya ba ta kai gefe ba. Ta biyun ta fi ban haushi: idan akwai jijiyar jini mai kaurin milimita 3 ko fiye a jikin ƙarin, jinin da ke gudu yana kwashe zafin, kamar mai hura wuta a bakin rafi. Sai a ƙone ko'ina, a bar ɗan siririn nama mai rai manne da jijiyar, daga nan ciwon yake sake tsirowa.

Na'urar maikrowef ta rage wannan matsala. Tana girgiza ruwan da ke cikin nama, zafinta ya fi ƙarfi, ta fi sauri, ba ta buƙatar faifan cinya, gudun jini kuma bai cika karya ta ba. Shi ya sa a aikin hanta ta karɓe wuri a asibitoci da yawa. Sai dai saurin nata yana son hannun da ya ƙware, don 'yan mintoci kaɗan ke raba ƙunar da ta isa da wadda ta zarce.

Daskarewa kuwa da iskar argon ake yi. Ƙanƙara tana dunƙulewa a bakin allurar, a daskarar kamar minti 10, a bari ta narke, a sake daskararwa. Babban alfanunta shi ne likita yana ganin dunƙulen ƙanƙarar ɓaro-ɓaro a hoton CT, ya san inda ta kai. Amma a kula: bakin dunƙulen digiri sifili ne kawai, sanyin da ke kisa, wato digiri 20 zuwa 40 ƙasa da sifili, yana can ciki. Dole ƙanƙarar ta zarce ƙarin sosai. An fi sonta a ƙoda da ƙashi, raɗaɗinta bai kai na ƙuna ba, amma ba ta toshe ƙananan jijiyoyi kamar yadda wuta ke yi, don haka ana sa ido kan zubar jini.

A ma'aunin girma, santimita 3 ita ce iyakar da za a riƙe. Ga ciwon dajin hanta da aka gano da wuri, ƙari ɗaya da bai kai santimita 2 ba sakamakonsa yana gogayya da na tiyata, kuma ana yin aikin har ga ƙari uku muddin kowanne bai wuce santimita 3 ba. Wannan babban sauƙi ne ga mai hantar da ta riga ta ƙanƙance, wanda yanka zai iya kayar da shi. Haka ma ƙaramin ƙarin ƙoda ga tsoho ko mai ƙoda ɗaya. A ƙashi kuwa sau da yawa ba warkewa ake nema ba, rage raɗaɗi ne.

Inda ake gane gwanin aiki shi ne gefe. Ba ƙarin kaɗai ake kashewa ba, ana haɗawa da lafiyayyen nama milimita 5 zuwa 10 ta kowane ɓangare, saboda ƙwayoyin cutar da hoto ba ya nunawa. Ke nan ƙari mai santimita 3 yana son ƙuna mai faɗin santimita 4 zuwa 5. Idan hanji ko maɗaciya na kusa, ana ɗura ruwan sukari mai kashi 5 cikin 100 tsakaninsu don a ture su gefe. Ba a son ruwan gishiri a aikin RFA domin yana ɗaukar lantarki. Wajen zaro allura mai zafi ana ƙona hanyar da ta bi, don tsayar da jini da hana ƙwayoyin cutar bin sawu.

Kafin ranar ana gwada daskarewar jini, likita ya tsara yadda za a dakatar da maganin tsinka jini, a yi awa 6 ba a ci abinci ba. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji ya faɗa tun farko. Bayan aiki, zazzaɓi mara ƙarfi da kasala kamar na mura na 'yan kwanaki ba abin tsoro ba ne. Zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari, ko jiri da ciwon ciki mai ƙaruwa, su ne na komawa asibiti nan da nan, don suna iya nuna ruɓa a hanta ko jini na zuba a ciki. A aikin huhu iska takan taru a ƙirji, wani lokaci har sai an sa bututu.

Akwai raunin da ba a cika faɗa ba. Tunda ba a ciro ƙarin, babu naman da za a kai ɗakin gwaji a tabbatar an cinye shi duka, kuma ba a taɓa kaluluwar da ke kusa. Idan ana son sanin irin ciwon, sai a ɗebi ɗan nama kafin a kunna na'ura. Hoto ne kaɗai shaida: CT ko MRI da allurar rini bayan kamar wata ɗaya, sannan duk bayan 'yan watanni. Wurin da ya mutu ba ya shan rini. Idan wani gefe ya yi haske, sauran ƙarin ne da bai mutu ba, kuma sau da yawa ana iya sake ƙona shi. Saboda haka kafin a sa hannu a takarda, a tambayi likita faɗin gefen da yake sa ran samu, da ranar hoton farko, da kuma ko likitan tiyata da na ciwon daji sun ga hotunan sun yarda wannan ce hanyar.