Salamis ko Artemisiyom: wanne za a ɗauka?

Ɗaliban tarihi sun dame ni da tambayar wane yaƙin ruwa za su yi nazari a kai cikin biyun nan, waɗanda Girkawa da Farisawa suka gwabza a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa.

Salamis ya fi sauƙin bi. Temistokilis, wani kwamandan Girkawa, ya yaudari jiragen Sarki Zaksis na Farisa suka kutsa matsattsen mashigi kusa da Atina, yawansu ya zame musu cikas, sarkin yana kallo daga kan tudu aka ragargaza su. Matsalar Salamis, an yi ta rubutu a kansa, da wuya ka zo da sabo.

Artemisiyom kuwa kwana 3 aka yi ana fafatawa, guguwa ta cinye jiragen Farisa masu yawa, Girkawa suka janye bayan faɗuwar Tamofile, mashigin dutsen da sojojinsu na ƙasa ke tsarewa. Babu gwani bayyananne, sai ka yi ta tono.

Mai ƙarancin lokaci ya ɗauki Salamis. Mai son yin muhawara, Artemisiyom ne nasa.