Juyen baƙin mai a BMW M3: abin da na biya da abin da na samu

Motata BMW M3 ce, samfurin E92 da aka ƙera tsakanin 2007 da 2013, mai injin V8 lita 4. A wannan karon ban kai ta wurin dila ba, na kai ta wani gareji mai zaman kansa da ya ƙware a motocin Jamus, kuma gaskiya na gamsu da aikin, duk da akwai inda suka gaza.

Wanda ya saba da ƙaramar mota zai sha mamaki idan aka miƙo masa lissafi. Corolla lita 4 da 'yan kai take sha. Wannan injin kuwa sai an ɗura masa lita 8.8, kuma ba kowane mai ba, sai 10W-60 na sintetik (lambar tana nuna kaurin man ne), wanda litarsa ta fi ta 5W-30, mai ƙarancin kauri, tsada sosai, ba kuma kowane shago ke ajiye shi ba. Mafi yawan kuɗin da na biya a kan man ya tafi. Filta da washa ba su taka kara sun karya ba, kuɗin hannu ma bai kai na dila ba ko kusa.

Ni dai ba na neman sauƙi a wajen mai. Injin da ke juyawa fiye da sau 8,000 a minti ɗaya zafinsa daban ne, kuma man da bai da kauri idan ya ɗau zafi sai ya tsinke, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Masu wannan mota sun san yadda ake lallaɓa biyarin ɗin injinta, wato ƙarafan da sassan inji ke juyawa a kansu. Kuɗin gyaransu ya isa a yi juye na shekaru.

Abin da ya fi burge ni shi ne makaniken ya san motar. A ƙasan injin noti biyu ne na zubar da mai, ba ɗaya ba, kuma wanda bai sani ba zai kwance ɗaya ya bar tsohon mai kwance a ɗaya ɓangaren. Shi ya fara ɗumama injin, ya kwance duka biyun, ya bar man ya tsiyaye har ya koma ɗigo. Ya sa sabbin washa, ya canza robar murfin filta bayan ya shafa mata ɗan mai da yatsa, sannan ya ɗaure da sifana mai awo maimakon ƙarfin damtse. Kaskon man na alminiyam ne, in aka matse fiye da ƙima zaren ya tafi.

Motar ba ta da sandar awon mai, a dashbod ake gani, kuma sai inji ya yi zafi an ɗan zaga da ita. Saboda haka bai juye man duka lokaci ɗaya ba, ya rage kaɗan, muka zago, ya duba, ya cika. Mai in ya yi yawa kumfa yake yi, shi ma illa ne.

Inda suka gaza kuwa, wajen hawa na'urar ɗaga mota ne. Motar ƙasa-ƙasa take, ba su da katakon shimfiɗawa a kusa, sai da leɓen bamba ya gogi ƙarfe. Raina ya ɓaci ƙwarai. Sannan sai da na tuna musu kafin suka goge sanarwar sabis a kwamfutar motar.

Kwamfutar takan bari a yi tafiya mai nisa kafin ta nemi juye, amma ni rabin haka nake yi, ko sau ɗaya a shekara ko da motar ba ta yi yawo ba, domin danshi da fetur suna taruwa a cikin man motar da ke yawan zama. Zan koma garejin, amma da man da na saya da kaina, kuma ina tsaye za a hau da ita.